Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kamfanonin Da Ke Sayar Mana Da Intanet Na Gida

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, shugabanni da manajojin kamfanonin sadarwa, manya da ƙanana, masu sayar da rauta mai sim (akwatin da ke watsa Wi-Fi a cikin gida) da masu jan wayar faiba zuwa gidaje.

Ni mai sana'ar hannu ne a Kano. Ina liƙa talabijin a bango, ina saita dish, a 'yan shekarun nan kuma abin da aka fi kirana a kansa shi ne intanet na gida. Ba ku ɗauke ni aiki ba, ba ku ma san da zamana ba, amma ni da ire-irena mu ke shan faɗan da ya kamata a ce ku aka yi wa. Da zarar hoto ya tsaya cak ana tsakiyar kallo, ɗan zoben nan ya hau juyawa a tsakiyar gilashi, lambata maigida yake laluba, don ni ya ga na hau tsani na huda masa bango, kuma ya san ƙofar shagona. "Injiniya, abin nan naka fa ya ƙi." Abin ya zama nawa tunda ni na jona shi, ko da sunanku ne rubuce a jikin kwalin.

Abu guda nake nema a wurinku, zan faɗe shi tun yanzu kada ya ɓace a cikin dogon bayani: kafin ku karɓi kuɗin mutum, ku gaya masa gudun intanet ɗin da unguwarsa ke samu tsakanin sallar Isha'i da sha ɗayan dare. Lokacin ne iyali ke haɗuwa a falo, lokacin ne ake buga manyan wasannin Turai, lokacin ne ake zama kallon shirye-shiryen Hausa masu dogon zango a YouTube. Gudun ƙarfe shida na safe ba ya yi wa kowa rana sai mai rubuta talla.

Ban zo ɗora muku laifin kowa ba. Yawancin gidajen da nake shiga, akwai wani abu a cikinsu da ke rage gudu tun kafin a zo maganarku, kuma zan bayyana su dalla-dalla, domin wannan wasiƙa a fili take, masu gida ma za su karanta, kuma don kada gobe ma'aikacinku ya ce ba mu duba namu ɓangaren ba.

Da farko, kallon bidiyo ba ya cin gudu kamar yadda mutane ke zato. Netflix da kansu sun ce megabit 3 a daƙiƙa ya isa hoton 720p, megabit 5 ya isa 1080p, 15 kuma ya isa 4K. YouTube na neman 2.5 a kan 720p, 5 a kan 1080p, 20 a kan 4K. Ke nan gidan da ke samun megabit 10 tsayayye, wanda ba ya hawa yana faɗuwa, zai kalli hoto tar a babbar talabijin, yara ma su taɓa waya a gefe. Kwalayen da kuke sayarwa kuwa ɗaruruwa ake rubutawa a jikinsu. Idan mai ɗaruruwa ya kasa samun biyar, ai ruwa ba ya tsami banza, akwai inda suke zubewa a hanya.

Gano wurin ba ya buƙatar wata na'ura mai tsada. Wayar hannu ta isa. Nakan kashe datar sim ɗin wayar don kada ta ruɗe ni, in jona ta da Wi-Fi ɗin gidan, in tsaya daf da rautar, in buɗe fast.com ko Speedtest in auna. Sai in koma gaban talabijin, in kara wayar a bayanta in sake aunawa. In talabijin ɗin tana da burauza, in auna a cikinta ita ma. Sannan in ce wa wani yaron gidan ya maimaita haka da misalin tara na dare, ya ɗauki hoton sakamakon ya turo mini. Daga nan magana ta ƙare. In kusa da rauta gudu ya yi kyau amma a wajen talabijin ya faɗi, ginin gidan ne ya tare. In waya ta samu gudu a wuraren biyu amma talabijin ta kasa, ita ce ba ta da lafiya. In kuwa wayar tana jingine da rautar, da safe ta nuna arba'in, da dare ta kasa kai biyu, to wannan ya fi ƙarfin tsanina da sukudirebana. Naku ne.

Bari in fara da namu. A wani gida a Hotoro, Hajiya ta dubi rautar nan da ƙahonninta da fitilunta masu ƙyaftawa, ta ce tana ɓata mata kwalliyar falo. Aka cusa ta a durowar ƙasan talabijin, sitabilaiza a gefenta, tarin wayoyi da ƙura a bayanta, aka rufe murfin, aka yafa ɗan leshi a sama aka ɗora furen roba. Da na buɗe na ɗora hannu a kanta sai da na janye saboda zafi. Alhaji kuwa har ya je titin Beirut ya tayo sabuwar talabijin, wai wannan ta tsufa. Na ce ya dakata tukuna. Na zaro rautar, na goge ta, na zaga ɗakunan gidan da ita ina duba inda ta fi kama sabis, har na tsaya a wata taga da ke fuskantar turken sabis na unguwar, wato dogon ƙarfen da ke watso sigina. Daga can na ja waya ta bi gefen silin ta sauko bayan talabijin. Hajiya ta leƙo ta ce, "Injiniya, yanzu wannan mummunan abin a tagata zai zauna?" Na ce, "Hajiya, ko shi a taga, ko zoben nan a fuskar talabijin, sai ki zaɓa." Ta yi tsaki ta ce a bar shi a tagar. Kuɗin sabuwar talabijin ya koma aljihun Alhaji.

Irin gininmu ba ya ga-maciji da Wi-Fi. Bulo mai inci tara, dakin kankare cike da rodi, ƙofofin ƙarfe, ƙarafan taga, katon madubi a bango, tankin ruwa a tsakar gida, kowanne yana shanye wani kaso na siginar. Maigida ya ajiye rauta a ɓangarensa a saman bene, talabijin tana falon uwargida a ƙasa, tsakaninsu dakin kankare da bango uku, sannan a ce kamfani ya yi cuta. A nan kam ba ku yi ba.

Sai maganar zango biyu da yawancin rautoci ke watsawa. Na 2.4 GHz yana tafiya nesa, yana ɗan ratsa bango, amma ba shi da faɗi, kuma kowa a kansa yake: rautocin maƙwabta, kayan Bluetooth, har da na'urar ɗumama abinci. A gidajen haya na Sabon Gari ko Fagge, in ka buɗe jerin Wi-Fi a waya za ka ga sunaye sun cika fuska, duk suna gogayya a kan tashoshi uku kacal da ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11. Na 5 GHz ya fi sauri kuma ba cunkoso, amma bango biyu sun isa su kashe shi. In rauta da talabijin suna ɗaki ɗaya, a ɗora talabijin a kan 5 GHz. Matsalar ita ce talabijin masu sauƙin kuɗi da yawa, da akwatunan Android da ake jona musu, 2.4 kaɗai suke gani. Kuma a nan ina da ƙorafi a kan wasu dillalanku: mutum ya ga an rubuta 5G a ƙarshen sunan Wi-Fi ɗinsa, ya ɗauka sabis ɗin 5G ɗin nan da aka yi gwanjonsa a Disamban 2021 ne ya iso ɗakinsa, alhali 5 GHz ake nufi, abu biyu da babu abin da ya haɗa su. Dillali ya san haka, ya yi shiru, don shirun ya fi sayar da kaya.

Mutane na son sayen ɗan ƙaramin abin nan da ake sokawa a soket wai yana ƙara nisan Wi-Fi. Ni ba na son sa. Mai araha a cikinsu da eriya ɗaya yake karɓa yake kuma turawa, don haka yakan raba gudun kusan gida biyu, in kuma aka soka shi a inda siginar ta riga ta mutu, gawar yake ta watsawa. Talabijin ba ta yawo. Inda aka liƙa ta nan za ta shekara. Me zai hana a ja mata waya? Kebul ɗin intanet irin Cat5e ko Cat6 yana kai mita 100 ba tare da gudu ya ragu ba, ba ruwansa da bango, ba ruwansa da maƙwabci. Ramin da ke bayan yawancin talabijin megabit 100 yake ɗauka, wanda ya ninka abin da 4K ke nema sau da yawa. A duk dabarun da na sani, wannan ce wadda ba a sake kirana bayan na yi ta.

Akwai wuta. Duk lokacin da aka ɗauke, aka juya zuwa janareto ko inbata, rauta takan mutu ta sake tashi, ta ɗauki mintoci tana neman turke, wani lokaci ta maƙale a zangon da ba shi ne mafi kyau ba ta zauna a can. Ɗan ƙaramin batirin nan mai bolt 12 da ake jona wa rauta yana maganin wannan. Adaftar da ta zo da ita in ta ƙone, kada a ɗauko kowace aka samu don bakinta ya shiga. In ƙarfinta bai kai ba rautar za ta kama wuta lafiya lau, amma da an matsa mata da aiki sai ta shiɗe. Akwatunan Android kuma wasu kan manta kwanan wata bayan an ɗauke wuta, su farka suna zaton wata shekara ce can baya, sai manhajoji su ƙi buɗewa, a rubuta an haɗa amma babu intanet. Gyara agogo kawai ake yi. Ga zafin Maris da Afrilu, lokacin da Kano ke haura digiri 40. Rautar da rana ke duka ta taga za ta rage aiki da kanta don kada ta ƙone, saboda haka taga ake so mai inuwa.

Lambar sirri kuwa, Allah ya kyauta. An ba wa ɗa, ɗa ya ba abokinsa, abokin ya nuna wa majalisar ƙofar gida ɗan murabba'in nan da ake ɗauka da kyamara. Kullum bayan Isha'i sai ka ga samari sun jeru a gindin katangar gidan, kowa kansa a sunkuye, maigida yana yaba musu natsuwa. A bayan kowace rauta akwai takarda mai adireshin shiga cikinta. A shiga a ƙirga na'urorin da ke kai, a canza lambar. Ko a cikin gida ma, waya guda da ke tura bidiyon biki zuwa guruf ko take kwashe hotuna zuwa ma'ajiyar Google ta isa ta toshe hanyar fita, talabijin ta kasa ko aika saƙon neman gaba.

Wani laifin ma ba na gida ba ne, ba naku ba ne. Manhajojin nan na ɓarauniyar hanya da ake kallon ƙwallo kyauta ko a kan kuɗi kaɗan, na'urar da ke watso su tana can wata ƙasa, dubban mutane sun yi mata rubdugu a dare ɗaya. In YouTube na tafiya sumul a 1080p amma manhajar ƙwallon tana cijewa, a bar kamfanin sadarwa ya huta. Haka wanda ya bar VPN a kunne, manhajar da ke zagayawa da layinsa ta wata ƙasa. Kuma ko da komai lafiya, maƙwabci mai dish zai riga ka ihun an ci da daƙiƙoƙi masu yawa, don ta intanet sai an tara hoton an yayyanka kafin a turo. Wannan ba ya gyaruwa, sai dai a rufe taga.

To, ranku ya daɗe, na sauke namu. Yanzu a zo ga gidan da aka yi duk wannan: rauta a taga, waya har bayan talabijin, batiri a jone, lambar sirri sabuwa, mutum biyu kacal a kai. Da hantsi 4K ke tafiya ba gargada. Ana idar da sallar Isha'i hoto ya fara dusashewa, fuskokin 'yan wasa su zama dabbare-dabbare, ƙwallo ta ɓace a cikin ciyawa, daga nan zobe. Irin waɗannan gidaje suna da yawa, kuma su ne dalilin wannan wasiƙa, don ba ni da abin da zan ce wa masu su.

Ni da ku mun san abin da ke faruwa. Turken sabis kamar famfon unguwa ne: ruwan da ke zuwa ƙayyadadde ne, in mutum uku ne a layi kowa ya cika jarkarsa nan da nan, in unguwa duka ta fito da yamma kowa sai ɗigo. Sandunan da ke jikin rauta ko a saman waya ƙarfin siginar kawai suke nunawa, ba sa faɗin mutum nawa ne ke rabon abin da turken ke da shi. Shi ya sa maigida zai nuna mini sanduna cike taf yana cewa, "To ga sabis nan ful, me ya hana?" Masu faiba ma ba su tsira ba: waya tana iya zama sabuwa fil har cikin falo, amma in kamfani ya sayo gudu kaɗan daga sama ya raba wa gidaje masu yawa, da dare sakamakon ɗaya ne.

Ba na cewa haramun ne a raba. Duk duniya haka ake yi, in ba haka ba talaka ba zai iya biya ba. Abin da nake ƙi shi ne ɓoyewa. Kowane turke naku yana aika muku da rahoton nauyin da ke kansa awa bayan awa. Injiniyoyinku na kallon allon da ke nuna wanda ya cika ya batse. Amma a daidai gindin wannan turken, yaranku sun kafa lema da lasifika suna sayar da sababbin rautoci, ana ƙara mutane a kan abin da ya riga ya gaza. Mai saye ya kai gida, ya gwada da rana ya ji daɗi, ya biya kuɗin wata, dare ya yi ya gane abin da ya saya, ba kuma a mayar da kaya. Taswirar da kuke sakawa a shafukanku ta inda sabis ya kai launi ɗaya take shafa wa gari guda. Ku ƙara mata abu ɗaya: mutum ya rubuta unguwarsa, a nuna masa matsakaicin gudun dare na watan da ya wuce. In ba za ku iya ba, ku ba mai saye 'yan kwanaki na gwaji, in bai gamsu ba ya dawo da rauta ya karɓi kuɗinsa. Kamfanin da ya fara yin haka, ni da kaina zan riƙa kai masa masu saye.

Kuma ku daina sayar da rautar 5G ga wanda gidansa ke can ƙarshen inda siginar ke kaiwa ba tare da kun faɗa masa ba. Zangon 3.5 GHz da aka yi gwanjonsa yana da faɗi sosai, amma ba ya nisa kuma ba ya ratsa kankare kamar ƙananan zangunan 4G. Rautar sai ta wuni tana tsalle tsakanin 5G mai rauni da 4G, duk tsalle ɗaya hoto ya tsaya. Sau tari in na shiga saitinta na ɗaure ta a kan 4G kaɗai, kallo ya fi tafiya daidai. Mutum ya biya kuɗin abin da dole a kashe masa shi kafin ya more.

Sai tsarin nan da kuke tallatawa da cewa ba shi da iyaka. Iyakar tana nan, a cikin ƙananan rubutun da ba mai karantawa: in an sha giga kaza sai a shaƙe gudun zuwa abin da ko 480p ba zai riƙe ba. Ku yi lissafi da mai gida. Netflix sun ce awa ɗaya ta HD tana iya cin giga 3, ta 4K har giga 7. Gidan da ke kallon awa uku kowane dare a HD zai cinye giga 100 a cikin kwana goma sha ɗaya ko sha biyu, ba a ma sa wayoyin yara a lissafi ba. Talabijin kuma in an bar ta ta zaɓa wa kanta, mafi tsadar hoto take ɗauka duk lokacin da ta samu sarari. Sai a tsakiyar wata gudu ya faɗi warwas, dare da rana, a kira ni, in zo in kwance in ɗaura, daga ƙarshe in gano an shaƙe layin ne. Saƙo ɗaya ya isa ya hana wannan wahala: "Ka kai iyakarka, daga yau gudunka kaza ne har ranar kaza." Kuna da hanyar turo mana tallan waƙar kira sau nawa a rana, wannan ba zai gagare ku ba. Ni dai nakan koya wa masu gida su danna *323# su ga abin da ya rage, su kuma sauke hoto zuwa 720p, wanda daga kan kujera mutane kaɗan ne za su bambance shi da na sama.

Masu amsa kiranku a 300 yara ne masu ladabi, ba ni da faɗa da su. Abin da aka rubuta musu suke karantawa. "Yallaɓai, ka kashe ka kunna." Na kashe na kunna. "Ka cire sim ka goge ka mayar." Na yi. Na karanta mata awon safe da na dare, na gaya mata talabijin a kan waya take, na ce ina zaton turken unguwar ne ya cika. Ta yi ɗan shiru, ta ce a wajensu komai lafiya yake, in jira awa ashirin da huɗu. Ba ta yi ƙarya ba, allon da ke gabanta yana nuna turken a kunne ne kawai. Ku buɗe musu su ga nauyin turke. Ku ba su izinin su ce, "Gaskiya ne, yankinku a cike yake da dare, an sa shi a layin faɗaɗawa," ko ma "babu ranar gyara tukuna." Mutum in ya san gaskiya zai san abin yi: ya sauke shirinsa da rana ya kalla da dare, ko ya koma wani layin, ko in yana da hali ya kafa Starlink, intanet na tauraron ɗan adam, wanda ya shigo Najeriya tun Janairun 2023. Abin da ke cin rai shi ne a bar shi yana zargin talabijin ɗinsa da yaransa da injiniyansa.

Na san kuna da naku kukan, kuma na gaske ne. Masu aikin titi da magudanar ruwa na tsinka muku faiba, ɓarayi na kwashe batura da dizal a gindin turaku, kayan aikinku da dala ake saye. Har sai da gwamnatin tarayya a 2024 ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman. Ba mu manta 14 ga Maris 2024 ba, ana farkon azumi, da wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da ACE da SAT-3, suka lalace a gaɓar Kodebuwa, intanet ya durƙushe a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama. Abin lura a wannan rana shi ne, da labari ya fito fili, waya ta daina ƙara a shagona. Kowa ya san ba rautarsa ba ce, ya haƙura. Tsinkewar da ke faruwa a bayan gari kullum ita ce ba a sanar da kowa, ita ce ke sa mutum ya ɗauko A Daidaita Sahu ya kawo mini rauta lafiyayya wai in duba. A watan Mayun 2025 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarce ku da ku riƙa sanar da jama'a duk wata babbar katsewa, da dalilinta, da yankin da ta shafa, da lokacin da ake sa ran gyarawa, ku kuma rama wa mutane in ta wuce awa 24. Umarni ne mai kyau. Amma turken da ke shaƙewa kowane dare ba ya shiga lissafin katsewa, tunda a kunne yake, alhali ga mai kallo duk ɗaya ne.

A Janairun 2025 hukumar ta amince muku ƙarin farashi har kashi 50 cikin ɗari, bayan kun nemi ninki, kuma hujjar da aka ba mu ita ce ku samu abin zuba wa a aiki sabis ya inganta. Mun biya. Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa burin aƙalla megabit 25 a birane, 10 a karkara. Ashirin da biyar ɗin nan ta isa 4K har da canji. Ban ce kowane lungu ya samu a dare ɗaya ba. Na ce ku nuna mana, unguwa-unguwa, inda aka kai da inda ba a kai ba, da awon lokacin da mutane ke kallo.

Kafin ku yi, ga abin da na fara, kuma ina kira ga abokan sana'ata daga kasuwar waya ta Farm Centre a nan Kano har Kaduna da Sakkwato da Maiduguri su yi haka. Ba na sake ba kowa shawarar sayen rautar wani kamfani sai na je gidansa bayan Isha'i da sim na kamfanoni daban-daban na auna a tagarsa, ya gani da idonsa. Wanda kuma ya riga ya saya, in awo ya nuna matsalar daga waje take, ina sa shi ya tara hotunan awon safe da na dare na mako guda, ya kira 300 ya karɓi lambar ƙorafi ya rubuta ta, in ba a yi komai ba ya kira 622, layin NCC na kyauta, ya ba su lambar. Zan fi son a ce kun rage mini wannan zirga-zirgar dare, don ni ma ina da iyali da ke jirana a falo.

Allah ya ba ku ikon dubawa.

Wassalam.

Naku,
Wani mai haɗa dish da intanet na gida,
Kano.